MABUƊIN KALMOMIN INGILISHI: SAIWA DA ƊAFA-GOSHI

Shugaban wannan zama, shugabannin sassa, malamai, ma'aikatan gwamnati da suka baro ofisoshinsu suka halarta, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum.

Ina so in fara wannan lacca da wani abu da kowannenmu ya sha gani a kan hanya. Idan mutum ya bi bayan tankar man fetur, sau da yawa zai ga an rubuta wasu kalmomi biyu na Ingilishi a jikinta da manyan haruffa: *highly inflammable*. To, ɗalibin da aka koya wa cewa *in-* a farkon kalma korewa yake yi, kamar yadda *incorrect* ke nufin abin da ba daidai ba, *invisible* kuma abin da ido ba ya gani, yana iya yin lissafi ya ce ashe tankar nan tana ɗauke da abin da ba ya kama wuta. Lissafin nasa bisa ƙa'ida yake, amma amsar da ya samu kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke iya cin rai. Abin da rubutun ke faɗi shi ne kayan da ke ciki suna kama wuta nan take.

Na kawo wannan misali ne don ya share mana fage. Yawancin manyan kalmomin Ingilishi, irin waɗanda suka cika littattafan karatu da takardun ofis, ba dunƙulallu ba ne kamar dutse. Harhaɗa su aka yi daga ƙananan sassa, kuma sassan nan ba su da yawa. Wanda ya san su ya sami mabuɗin ɗakuna da dama. Amma akwai ƙofofin da mabuɗin nan ba ya buɗewa, akwai ma waɗanda in an matsa masa sai ya karye a ciki. Saboda haka zan yi ƙoƙari in nuna amfaninsa, in kuma nuna iyakarsa, domin Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kalma da Sassanta

Masana ƙirar kalma sun kasa kalma kashi biyu. Akwai saiwa, watau ɓangaren da ke ɗauke da gundarin ma'ana. Akwai kuma ɗafi, watau ɗan guntun da ake liƙa wa saiwa, wanda ba ya iya tsayawa shi kaɗai. In an liƙa shi a gaba, sunansa ɗafa-goshi. In a baya ne, sunansa ɗafa-ƙeya. Turawa suna kiran ɗafa-goshi *prefix*, kuma ita kanta kalmar misali ce ta abin da take nufi, domin *pre-* na nufin gaba, *fix* kuwa kafawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Da ɗafa-goshin ma- muke samun manomi daga noma, makaranta daga karanta, mabuɗi daga buɗe: wani lokaci mai aiki, wani lokaci wurin aiki, wani lokaci kayan aiki. Da ba- muke samun Bakano da Bakatsine. Wanda ya taɓa karatun Larabci kuwa ya san ilimi da malami da alama daga saiwa guda suka tsiro, haka nan hukunci da hakimi da hikima.

A Ingilishi aikin ɗafa-goshi galibi sauya ma'ana ne, aikin ɗafa-ƙeya kuwa sauya ajin kalma. Alal misali, *employ* aikatau ne, ma'anarsa ɗaukar mutum aiki. In an ƙara ɗafa-ƙeya sai a sami sunaye: *employer* mai ɗauka, *employee* wanda aka ɗauka, *employment* aikin yi. In kuma an liƙa *un-* a goshi, sai ma'anar ta juya baya, a sami *unemployment*, rashin aikin yi. Na ce galibi, don akwai irin su *en-* da ke mai da sifa aikatau, kamar *large* da *enlarge*, babba da faɗaɗawa.

Amma ga wani babban bambanci. Bahaushe ya san noma kafin ya ji manomi, domin noma kalma ce rayayya a bakinsa. Baturen Ingila kuwa yana cewa *submit* da *permit*, yana cewa *receive* da *deceive*, alhali babu wata kalma *mit* ko *ceive* a harshensa. Saiwoyin nan baƙi ne. Don a gane yadda suka shigo, tilas mu ɗan waiwayi tarihi.

Yadda Baƙi Suka Cika Gidan

Asalin Ingilishi ɗan'uwan Jamusanci ne. Wasu ƙabilu ne, manyansu Angil da Sakson, suka ƙetaro da shi daga arewacin Turai zuwa tsibirin Biritaniya a ƙarni na 5. Kalmomin yau da kullum irin su *house*, *water*, *mother*, *eat* da *come* gadonsu ne, haka nan ɗafa-goshi irin su *un-*, *mis-*, *fore-*, *over-* da *under-*. A shekarar 597 Augustine ya sauka a Kent da wa'azin Kiristanci, kuma tare da coci harshen Latin ya shigo, ya zama harshen malamai da rubutu.

Babban juyi ya zo ne a 1066, shekarar da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Shi da hakimansa Faransanci suke yi, kuma Faransanci jikan Latin ne. Aka yi kusan shekara 300 harshen fada da na kotu Faransanci ne, harshen coci da na manyan takardu Latin, Ingilishi kuwa aka bar wa talaka a gona. Har yau alamar wannan rabo tana nan: dabba a makiyaya sunanta na Ingilishi ne, *cow* da *sheep*, amma da namanta ya hau teburin mai gida sai ya ɗauki sunan Faransanci, *beef* da *mutton*. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi, ita kanta dokar kuwa da Faransanci aka rubuta ta. Kafin Ingilishi ya komo fada, ya riga ya sha kalmomin mulki da na shari'a na baƙi ya ƙoshi: *government*, *justice*, *court*, *parliament*.

Ambaliya ta biyu ta biyo bayan injin ɗab'i, wanda William Caxton ya kafa a Westminster a 1476. A ƙarni na 16 da na 17 masana suka dinga kwaso kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci, har masu ƙyamar abin suka yi musu laƙabi da kalmomin kurtun tawada. Ko Isaac Newton da Latin ya wallafa babban littafinsa a 1687. Wani ƙidaye da Finkenstaedt da Wolff suka buga a 1973, a kan kalmomi kimanin 80,000 na ɗaya daga ƙamusoshin Oxford, ya nuna kusan kashi 28 cikin 100 daga Faransanci suke, kusan kashi 28 daga Latin, kashi 25 daga dangin Jamusanci, kashi 5 daga Girkanci. Watau a cikin ƙamus baƙi sun fi 'yan gida yawa, ko da yake a hira ta fatar baki 'yan gida ne ke kai-komo.

Wannan shi ya sa abu guda kan sami suna uku a Ingilishi, kowanne da matsayinsa. Tambaya a gida *ask* ce, a makaranta *question*, a gaban ɗan sanda *interrogate*. Ɗalibi da ma'aikaci kuwa a hawa na biyu da na uku suke aiki, kuma nan ne saiwoyin Latin da Girkanci suka yi kaka-gida.

Saiwa Ɗaya, Iyali Guda

Bari mu ɗauki saiwar *port*, daga kalmar Latin mai nufin ɗaukar kaya. Shi ya sa ɗan dako yake *porter*. Yanzu a dubi abin da ɗafa-goshi ke yi mata. *Im-* ciki ne, saboda haka *import* shigo da kaya. *Ex-* waje ne, *export* fitar da kaya. *Trans-* ƙetare ne, *transport* sufuri. *De-* gusarwa ce, *deport* tasa ƙeyar mutum a fitar da shi daga ƙasa. *Re-* komowa ce, *report* ɗauko labari a komo da shi, watau rahoto. *Sub-* ƙarƙashi ne, *support* tallafo daga ƙasa, watau goyon baya. Saiwa guda ke nan ta ba mu kalmomi bakwai, ba mu kuwa ƙure ta ba.

Ta biyu ita ce *mit*, wadda a wasu wurare take fitowa da siffar *miss*, ma'anarta aikawa ko saki. Ma'aikaci ba ya wuni bai gamu da ita ba. Yana *submit*, watau ya miƙa takarda ƙarƙashin na gaba da shi. Yana *remit*, ya aika kuɗi inda suka dace. Yana neman *permit*, izinin a sake shi ya wuce. Yana iya *omit*, ya tsallake wani abu. Yana zama cikin *committee*, watau mutanen da aka danƙa wa wani al'amari. In kuma ya yi sake, a yi masa *dismiss*, a sallame shi.

Ta uku *scrib* ko *script*, rubutu. *Manuscript* rubutun hannu ne, domin *manu* hannu ne. *Transcript* rubutun da aka kwafo daga wata takarda zuwa wata, kamar takardar sakamakon da ɗalibi ke nema in zai ƙaro karatu. *Subscribe* asalinta sa hannu a ƙasan takarda. *Postscript* abin da aka ƙara bayan an rufe wasiƙa.

Amfanin abin ya fi fitowa in aka juya lissafin. Ɗafa-goshin da aka koya sau ɗaya yana aiki a kan saiwoyi da yawa. Wanda ya san *pre-* gaba ne, ya kuma san *dict* faɗi ne, *ced* tafiya, *judic* hukunci, zai gane *predict* faɗin abu kafin ya auku, *precede* gabata, *prejudice* yanke hukunci kafin a ji ba'asi. Haddar kalmomi ɗaya bayan ɗaya tarawa ce. Sanin sassa kuwa ninkawa ce.

Girkanci shi ne ya fi ba kimiyya da likitanci kayan aiki. *Demos* jama'a ne. Cutar da ta zauna a cikin jama'ar wani yanki, kamar zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu, *endemic* ce, domin *en-* ciki ne. Wadda ta faɗo musu gaba ɗaya *epidemic* ce, domin *epi-* bisa ne. Wadda ta game duniya kuwa *pandemic*, domin *pan-* duka ne, kuma da wannan kalma Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta cutar korona a ranar 11 ga Maris, 2020. Ma'aunin mita da Faransa ta kafa a 1795 shi ma bisa wannan dabara aka gina shi: na Girkanci don ninkawa, kamar *kilo-* dubu, na Latin don rabawa, kamar *centi-* ɗaya bisa ɗari da *milli-* ɗaya bisa dubu. Ƙirar ba ta tsaya ba, domin ko a 2022 an ƙara sababbin ɗafa-goshi huɗu a wannan tsari.

Naso: Yadda Ɗafa-goshi Ke Ɓad da Kama

Mai lura zai ce, a misalan da na bayar na ce *sub-* amma na rubuta *support*, ina *b* ta tafi? Amsa ita ce naso, watau yadda sauti ke rinjayar maƙwabcinsa har ya mai da shi kamarsa don sauƙin furuci. Mu ma muna yi. Muna rubuta gidan Bello, amma bakinmu gidam Bello yake faɗi. Ko sallamar da na buɗe wannan zama da ita misali ce: *al-* ce da *salam*, amma *l* ta narke cikin *s*, muka ce assalamu.

Haka *in-* mai korewa yake yi. Gaban *p* ko *b* ko *m* sai ya koma *im-*, kamar *impossible*. Gaban *l* ya koma *il-*, kamar *illegal*. Gaban *r* ya koma *ir-*, kamar *irregular*. Shi kuwa *ad-*, mai nufin zuwa ga, ya fi kowa ɓad da kama: shi ne a cikin *accept*, *affix*, *allocate*, *approve*, *assign* da *attend*. *Con-*, mai nufin tare, shi ne a cikin *collect*, *compose* da *correct*. *Sub-* ne a cikin *succeed*, *suffer* da *suggest*. *Ob-* ne a cikin *occur*, *offer* da *oppose*. Ita ma saiwa takan sauya wasali in an ɗora mata kaya: *apt* gwani ne, amma kishiyarsa *inept*, saiwar *fac* ta aikatawa ita ce a cikin *factory*, *effect* da *efficient*.

Ga wanda ke rubuta wasiƙun ofis, wannan ilimi yana da riba nan take, domin shi ke warware yawancin rikicin tagwayen haruffa. Me ya sa *disappoint* take da *s* ɗaya, *dissatisfy* kuwa biyu? Don ta farko *dis-* ce da *appoint*, ta biyu *dis-* ce da *satisfy*, kowane ɓangare ya zo da tasa *s*. Me ya sa *recommend* take da *c* ɗaya? Don *re-* ce da *commend*. Me ya sa *accommodate*, wadda ta sha kayar da manyan akawuna, take da *c* biyu da *m* biyu? Don ɗafa-goshi biyu ne a jere, *ad-* da *com-*, a gaban saiwar *mod*. Wanda ya ga mahaɗin ya huta da hadda.

Inda Mabuɗin Ke Ƙin Juyawa

Yanzu mu koma ga tankarmu. Latin yana da *in-* iri biyu, kamanninsu ɗaya amma ba dangi ba ne. Ɗaya korewa yake yi, ɗayan kuwa ciki yake nufi, ko cusa abu cikin wani hali. Na biyun ne a cikin *inflame*, cinna wuta, kuma daga nan *inflammable* ta fito. Saboda haɗarin wannan ruɗu ne hukumomin kashe gobara da na ƙa'idojin kaya a Amurka da Ingila suka zaɓi a riƙa rubuta *flammable* ga abin da ke kama wuta, *non-flammable* ga wanda ba ya kamawa. Haka nan in shugabanka ya rubuta cewa aikinka *invaluable* ne, kada ranka ya ɓaci. Nufinsa aikin ya wuce a yi masa kuɗi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna da nasu tarkon: *inhabitable* a Faransanci gidan da ba ya zaunuwa ne, a Ingilishi kuwa gidan da ake iya zama a ciki.

Tarko na biyu shi ne tagwayen da harafi ɗaya ko biyu ya raba. *Ante-* kafin ne, *anti-* gāba ce: *antenatal* awon ciki kafin haihuwa, *antibiotic* maganin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. *Hyper-* wuce kima ne, *hypo-* kasawa: *hypertension* hawan jini, *hypotension* faɗuwarsa; *hyperglycaemia* yawan sukari a jini, *hypoglycaemia* ƙarancinsa, kuma abin da ke ceton mai ɗaya yana iya cutar da mai ɗayan. *Inter-* tsakani ne, *intra-* ciki: *interstate* tsakanin jihohi, *intrastate* cikin jiha guda. Likita yana *prescribe* magani, watau ya rubuta a sha; gwamnati kuwa tana *proscribe* ƙungiya, watau ta haramta ta, kuma kalmar ta samo asali ne daga al'adar Rumawa ta kafa sunayen waɗanda aka halatta jininsu a bainar jama'a. Taron da yake *biannual* sau biyu ake yinsa a shekara, wanda yake *biennial* sau ɗaya a shekara biyu; mai tsara kasafin kuɗin da ya rikita su ya yi kuskure ninki huɗu. *Bimonthly* kuwa su kansu Turawa ba su daidaita a kanta ba, tana iya zama sau biyu a wata ko sau ɗaya a wata biyu, saboda haka mai hankali ya guje mata ya faɗi abin da yake nufi dalla-dalla.

Tarko na uku ɗan karan ɗori ne. *Re-sign* sake sa hannu ne a takarda. *Resign* murabus ne. *Re-cover* sake rufewa ne. *Recover* farfaɗowa ko ƙwato abin da ya ɓace. A ɗauka ma'aikacin kwantiragi ya rubuta wa shugabansa cewa a shirye yake ya sabunta yarjejeniyarsa, ya manta da ɗan karan nan; da hannunsa ya rubuta takardar barin aiki.

Tarko na huɗu shi ne ganin ɗafa-goshi inda babu shi. Kama da wane ba wane ba ne. Babu *un-* mai korewa a cikin *uncle*, babu *re-* a cikin *read*, babu *pre-* a cikin *pretty*, babu *mis-* a cikin *missile*. Wadda ta fi ruɗa mutane a wurin taro ita ce *unanimous*. Ba korewa a cikinta ko kaɗan. Daga *unus* ɗaya da *animus* zuciya take, watau bakin kowa ya zo ɗaya, kuma 'yar'uwar *union* ce da *uniform*.

Ma'ana Tana Tafiya

Ko an raba kalma daidai, an kuma fassara kowane ɓangare daidai, da sauran rina a kaba, domin kalmomi suna tsufa, ma'anarsu tana ƙaura. *Manufacture* asalinta abin da aka yi da hannu, yau kuwa abin da inji ya ƙera. *Prevent* asalinta riga wani zuwa, yau hanawa. *Decimate* hukuncin sojan Ruma ne na kashe mutum ɗaya cikin goma, yau ɓarna mai yawa. Satumba daga *septem* bakwai take, Disamba daga *decem* goma, don a tsohuwar kalandar Rumawa daga Maris ake fara ƙirga. Yau su ne wata na tara da na goma sha biyu. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Misali mafi ban sha'awa shi ne wannan. *Oversee* ta Ingilishi, da *supervise* ta Latin, da *survey* ta Faransanci, da kalmar Girkanci da ta haifi *bishop*, duk ƙira ɗaya ce: bisa da dubawa. Duk kuwa suna da alaƙa da sa ido a kan wani abu. Amma *overlook*, wadda ita ma bisa ce da dubawa, ta fi nufin kau da kai ko rashin lura. *Oversight* kuwa ta haɗa biyun: aikin sa ido da majalisa ke yi a kan ma'aikatu *oversight* ne, kuskuren da akawu ya yi don rashin lura shi ma *oversight* ne. A nan babu abin da saiwa za ta yi maka. Jimlar da kalmar take ciki ita ce alƙali.

Darasin shi ne asalin kalma tarihi ne, ba doka ba. Ma'anar kalma ita ce abin da masu harshen ke nufi da ita a yau. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, bisa wannan fahimta aka gina shi: a bi kowace kalma shekara da shekaru a ga yadda ta sauya.

Kammalawa

To, yaya ɗalibi ko ma'aikaci zai yi aiki da wannan mabuɗi? Shawarata matakai huɗu ne. Da fari, in ka gamu da baƙuwar kalma, karanta jimlar gaba ɗaya ka ƙiyasta abin da ake magana a kai. Na biyu, raba kalmar, ka tuna da naso, ka tambayi kanka ko abin da ya rage bayan ka cire ɗafi ka taɓa ganinsa a wasu kalmomi. In ba ka taɓa ba, mai yiwuwa ba mahaɗi a wurin. Na uku, mai da ma'anar da ka ƙiyasta cikin jimlar ka ga ko ta zauna. Na huɗu, in takardar ta shafi kuɗi, ko shari'a, ko lafiya, ko aikin wani, kada ka tsaya ga ƙiyasi. Buɗe ƙamus, domin matambayi ba ya ɓata. Ina kuma ba ɗalibai shawara su ware ɗan littafi, kowane shafi saiwa guda, duk sa'ad da suka gamu da wani ɗanta su rubuta shi a ƙarƙashinta tare da jimlar da suka same shi a ciki. Kafin shekara ta zagayo za su ga bambanci a karatunsu da rubutunsu.

Na ce asali ba doka ba ne, amma wani lokaci yakan yi nasiha. *Senate* daga *senex* take, watau tsoho, saboda haka wanda ya fassara ta da Majalisar Dattawa bai yi kuskure ba. *Secretary* asalinsa wanda aka amince wa da asiri. *Master* da *magistrate* daga *magis* suke, watau mafi girma. *Minister* kuwa daga *minus*, watau mafi ƙanƙanta, kuma a Latin ma'anarta bara mai hidima. Daga gare ta *administration* ta fito, watau yi wa jama'a hidima. Ma'aikatan da ke tare da mu a wannan zaure suna rubuta kalmomin nan kullum a saman takardunsu, ɗalibanmu kuwa gobe su ne za su riƙe waɗannan muƙamai. Ina fata in sun rubuta su, su riƙa tunawa da abin da ke cikinsu.